Shekarar da Inna Ta Daina Cin Nama

Duk wanda ya gan ni a ƙarshen shekarar nan sai ya ce na canza. Wasu da yabo suke faɗa, wasu kuma da wata irin murya da ba ka rasa gane abin da ke ƙarƙashinta. Na rage tumbi, na daina goro, ba na makara, kuma na koyi cewa a'a ba tare da na lulluɓe ta da "bari mu gani" ba. A wurin aiki ana raɗe-raɗin za a tabbatar mini da kujerar da nake riƙon ƙwarya. Kamata ya yi a ce ina barci har da minshari. Amma ni na san abin da shekarar ta ci, kuma ba a jikina ta ci shi ba, a kwanon mahaifiyata ta ci.

Mu Rundawa ne, wato mahauta, kaka da kakanni. Mahaifina da wuƙa a hannu ya tashi, da ita kuma ya koma ga Allah. Haka ƙaninsa, Baffa, wanda har gobe yana da teburinsa a kasuwa. Ni kaɗai na yi nisa a makaranta, na karanta lafiyar dabbobi, na dawo aka ba ni aiki a mayanka cikin masu duba nama. Ni ba likita ba ne, amma a can duk mai farar riga da takalmin roba likita ne, ba ka da lokacin gyara wa kowa. Aikinmu shi ne in an yanka an feɗe, mu duba huhu da hanta da sauran kayan ciki, mu tsaga inda ya kamata. In lafiya, mu buga hatimi a fitar. In da cuta, mu hana. Shekara da shekaru ina yi a ƙarƙashin wani, hankalina kwance, don in an hana nama ba ni ake harara ba.

A farkon shekara shugabanmu ya yi ritaya, aka ce in riƙe wurin a ga kamun ludayina. Ban gama murna ba magana ta dawo mini: wai an ba ɗan Rundawa gadin Rundawa, rabin masu yanka danginsa ne, sauran rabin surukai. Wanda ya faɗa cikin raha ya faɗa a wurin mai shayi, ƙila kafin ya shanye kofinsa ya manta. Ni kuwa mutum ne da magana ke kwana a cikinsa. Tun ina yaro haka nake, in aka ce hulata ta karkace sai in yi mako ina taɓa kai.

Sai na sha ɗamara. Daga masallacin asuba sai mayanka, in riga kowa isa. Na daina zama a bencin mai shayi, inda kafin ka sa hannu a aljihu wani dillali ya ce ai an biya. Na daina karɓar goro, daga baya na daina cin sa gaba ɗaya, don ya fi sauƙi ka ce ba ka ci da ka ce ba ka karɓa. A asibiti aka ce jinina ya fara hawa, sai na riƙa ajiye babur nesa ina ƙarasawa da ƙafa. Duk waɗannan ba su ba ni wuya ba. Abu guda ne ya tsaya mini a maƙogwaro, shi ne ƙusar da ke zaurenmu.

A zauren gidanmu na Gawon Nama, hannun dama in ka shigo, akwai wata doguwar ƙusa da ta yi baƙi saboda maiƙo. Baffa ne ya kafa ta da hannunsa bayan rasuwar mahaifina. Kullum in ya tashi daga kasuwa wajen azahar, kafin ya tafi gidansa a Ƙofar Dundaye, sai ya biyo a kan tsohon babur ɗinsa ya rataye ƙunshin nama a nan. Ba hanyarsa ba ce, zagaye yake yi. Ba ya shiga ciki, daga zaure yake ɗaga murya.

"Tsohuwa, ga na miya!"

Inna kuma ta amsa daga tsakar gida, "Yau ma ƙashi kak kawo muna?"

"Ƙashin ma ya hi ƙarhin haƙoranki."

"Haƙorana sai sun ga bayan naka."

Haka suke yi, wasan matar wa da ƙanin miji, tun ina dariya har na daina jin su, kamar yadda maƙwabcin injin niƙa yake daina jin ƙara. Ni kuwa in ya tarar da ni sai ya ce, "Ɗana, an taso?" Tun da na yi wayo ban ji ya kira ni da wani suna ba.

To ga inda matsalar take. Baffa a mayankar da nake dubawa yake yanka. Kullum nama yana fita daga hannunsa yana shiga gidana da rana tsaka, a gaban duk mai wucewa, a zamanin da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto. Na juya abin ta kowace fuska ban ga yadda zan kare kaina ba in aka tambaye ni. Har na fara jin faɗuwar gaba duk lokacin da na shigo zaure na ga ƙunshin yana lilo.

Ranar da na yanke shawara, na riga shi isowa na jira a zaure. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, sannan na kawo maganar da na daɗe ina tsarawa.

"Baffa, ka san kujerag ga da anka ba ni, idanu sun yi yawa bisa gare ni. Ina roƙon a dakata da naman ga, hal mu ga yadda Allah za shi yi."

Ya riga ya ɗaga hannu wajen ƙusar. Ya tsaya a haka, ya dube ni, ya dubi ƙofar shiga cikin gida.

"To, Likita," in ji shi.

Ya mayar da ƙunshin bayan babur ya ɗaure da roba, ya tayar ya tafi. Bai kira tsohuwa ba. Na ji sunan da ya kira ni da shi, ya ɗan sosa mini rai, amma na ce wa kaina fushin tsoho ne, zai huce. Gaskiya ma abin da na fi ji a ranar sauƙi ne, kamar an sauke mini buhu daga ka.

Inna ba ta ce komai ba, kuma ban yi tsammanin za ta ce ba. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini doguwar magana. In tana da saƙo sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa iska ina tsaye a wurin. Na fara sayo nama a teburin wani da ba mu haɗa komai da shi ba, tsoka zalla, wadda ta fi ta Baffa kyau nesa ba kusa ba. Da aka kwashe kwanuka na ga na Inna ya dawo da naman an tura shi gefe.

"Haƙori na," in ji matata. "Ta ce haƙori ka damunta."

Na ce a riƙa dafawa har ya yi lugub. Aka yi, ya dawo. Na sa aka niƙa, ya dawo. Na sayo kaza, ta raba wa jikoki. Na ce tsufa ne, na mayar da hankalina kan aiki.

Aikin kuwa ya tafi yadda ban zata ba. Ni da a da in aka ce in yi magana a taro sai harshena ya yi nauyi, na koyi tashi in faɗi abu uku in zauna. Na matsa har aka gyara mana famfo, aka daina feɗe dabba a cikin kwatami. Na hana fitar da nama ta ƙofar baya kafin mu duba, aka yi mini gunaguni na wata guda aka saba. Fushina ma na koyi riƙe shi, in ya taso sai in je in wanke hannu a famfo, ko da hannun ba abin da ya same shi. Wasu ranaku har ina jin daɗin kaina. Sai dai duk safiya in na je zan durƙusa wa Baffa a cikin mahauta, sai ya riga ni magana: "A'a, Likita, tashi, kak ka ɓata hwarar riga." Mutane su yi dariya, ni ma in yi ta dole.

Da damina ta yi nisa, abin da nake tsoro ya zo. Aka feɗe wani bajimin sa na Baffa, ƙato mai tozo, irin wanda ake tsayawa kallo tun a kara, kasuwar dabbobi. Ina tsaga huhun na ga ƙulle-ƙulle masu tauri. Na duba jikin haƙarƙari, suna nan jere. Na duba hanta, ta kamu. Tarin fuka ne, kuma ya bazu, ba abin da za a iya ci a jikin san nan. Ban san yadda labari yake gudu a mayanka ba, amma kafin in ɗago kai ƙarar wuƙaƙe ta tsaya. Wani ɗan uwanmu ya matso ya raɗa mini cewa a cire huhun kawai, sauran ai wuta za ta kashe komai. Na ce a'a, duka za a binne.

Baffa ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Yadda kac ce, Likita."

Ya goge wuƙarsa ya mayar kube, ya kama ƙafar san da kansa aka ja shi waje. Na so a ce ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu a gaban kowa. Da ya yi haka da na san har yanzu ni ɗansa ne.

A kan san nan ba ni da nadama. Ko gobe aka kawo irinsa haka zan yi, don na san tukwanen da zai shiga. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. A wani taro babban jami'inmu, wanda ke sama da mu duka a ma'aikatar, ya nuna ni ya ce ga irin ma'aikacin da ake nema, wanda bai ɗaga wa ko baffansa ƙafa ba. Aka tafa. Tun daga ranar aikina ya yi sauƙi, ba mai ƙara yi mini raɗa a kunne, kuma a ranar aka fara maganar tabbatar da ni. Na koma gida ina jin kamar na hau bayan tsohon nan ne na miƙa hannu na ɗauko abin da nake so.

Duk wannan lokacin Inna tana ramewa. A hankali abin ya zo, shi ya sa na daɗe ban lura ba. Zanenta ya ƙara zagaye, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. A da wajen azahar tana tsakar gida a kan tabarma tana tsintar shinkafa ko gyaran zogale, yanzu da rana ta take sai ta shige ɗaki ta saki labule. Tsoro ya kama ni sosai. Na ɗauki wata sabuwar ɗabi'a marar kyau, ta bincika cututtuka a waya, kowacce na karanta sai in ga ita ce. Na riƙa tsayawa a bakin ƙofarta da safe ina sauraron numfashinta kafin in fita.

Da ƙyar matata ta lallashe ta muka je asibiti. Likitar haƙori, wata yarinya mai fara'a, ta haska ta ƙwanƙwasa ta ce, "Mama, ai haƙoranki sun fi nawa." Inna ta kawar da kai. Aka auna jini aka ce ba wata cuta, jinin ne ya yi ƙasa, a riƙa ba ta nama da hanta. Matar mahauci, surukar mahauta, uwar mai duba naman gari, ita ake rubuta wa hanta kamar magani. Ban san sanda na yi wata 'yar dariya ba, wadda ba ta daɗi ba.

Muna isa gida fushin da na yi wata da watanni ina wankewa a famfo ya ƙwace. Na tsaya a tsakar gida na ce wa matata, da ƙarfin da na san za a ji daga ɗaki, "Ki tambaye ta mi taka so in yi. Nama na saye, kaza na saye, likita ta ce haƙori lahiya lau. So taka yi a ce na bar uwata da yunwa?"

Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana kwance ɗankwali. Ba ta dube ni ba, matata ta duba.

"Hwaɗa mai, tun da anka kawo ni gidan Rundawa ban taɓa sa naman saye bakina ba. Ba yau za ni hwarawa ba."

Ta ninke ɗankwalin, ta sake warwarewa.

"Da ubanai yar rasu, na yi kuka na share. Kullum azahar in na ji babur ya tsaya, sai in ce gidanmu na nan. Ran da babur yad daina tsayawa, ran nan nis san mutumen ya mutu."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Matata ta ɗauki bokiti ta yi wajen rijiya.

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon wannan a gabana ba. Na tsaya a wurin kunya ta rufe ni. Naman nan bai taɓa zuwa don ni ba. Baffa bai taɓa cewa "Ɗana, ga na miya" ba, tsohuwa yake kira. Ni ne da na hau kujera na ga kamar duk abin da ya shigo gidan nan sunana ne a kai, na mayar da abin da ba nawa ba, ban ko tambayi mai shi ba.

Da labarin wani ne, da na ce washegari ya tafi ya gyara. Ni ban tafi ba. Na yi kwanaki ina kai da kawowa, don tsoron da ya sa na hana naman yana nan bai je ko'ina ba. Akwai wani abokin aikina da ya girme ni a aiki, wanda yake ganin kujerar tasa ce, kuma ba ya rasa masu kai masa labari. In ƙunshin Baffa ya dawo zaurena ana gab da tabbatar da ni, me za a ce? Za a ce san da aka binne wasan kwaikwayo ne, an gama an koma ruwa. Duk abin da na gina a shekarar nan, asubancin da ƙin shayin da a'ar da na koya da ƙyar, ina ganin sa yana rushewa saboda ƙunshi guda. Abinci ya daina yi mini daɗi, jinin da na samu ya sauka ya sake hawa.

Wata rana na dawo da wuri, na tarar matata ta fito da Inna tsakar gida shan iska. Wani babur ya shigo layinmu, ya rage gudu a daidai ƙofarmu saboda rami. Na ga Inna ta ɗago kai. Babur ɗin ya wuce, ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da jan carbi. Bayan la'asar na kama hanyar Ƙofar Dundaye.

Na sami Baffa a ƙofar gida a kan buzu, yana wasa wuƙa a dutse. Na cire takalmi na durƙusa. Ba farar riga a jikina, don haka bai da abin da zai ce in tashi dominsa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi tsohuwa ba.

"Baffa, Inna ba ta cin nama."

"Na jiya. An ce haƙori."

"Ba haƙori ba na, Baffa."

Ya ɗiga ruwa a dutsen ya ci gaba da wasawa. "Na sani."

"Roƙo niz zo yi, a maida na miya."

"Idanun hwa? Sun rage?"

"Suna nan. Sun ma ƙaru."

"In gobe sana yaz zo da cuta?"

Na ce, "Hana shi za ni yi, Baffa."

Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsansa, ya juya ta ya gwada ɗaya gefen. Na jira har ƙafafuna suka fara sanyi.

"Ƙusag ga tana nan, ko ita ma ka hidda ta?"

"Tana nan."

"To, Allah shi kai mu."

Da safe, bayan an gama yanka, na je ofishin babban jami'inmu na gaya masa da bakina, kafin wani ya kai masa da ƙari. Na ce daga yau baffana zai riƙa kawo wa mahaifiyata nama kamar yadda ya saba tun rasuwar mahaifina, ni ba zan ci ba, kuma dabbarsa in an ga dama a ba wani ya riƙa dubawa. Ya saurare ni yana juya biro a hannu. Da na gama ya ce, "To, bari mu gani." Maganar da na yi shekara ina yaye kaina daga faɗa, ita aka miƙo mini. Tun daga ranar ban ƙara jin an ta da zancen tabbatarwa ba. Ƙila aiki ne ya yi musu yawa, ƙila kuma an gama magana ba a gaya mini ba. Ga shekara ta ƙare, duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

A ranar dai na koma gida kafin azahar, na zauna a ɗaki na kasa ko cire takalmi. Ina jin kowane babur da ya shigo layi. Can sai na ji nasa, da tarin da yake yi kafin ya mutu. Aka yi motsi a zaure.

"Tsohuwa, ga na miya!"

Na miƙe tsaye. Sai na ji muryar Inna daga bayan labule, tana rawa kaɗan.

"Shekara guda kana tara ƙashi, sai yau kag ga damar kawowa?"

Baffa ya yi dariya har da tari. Na fito na same shi yana juya babur, ƙunshin yana lilo a jikin ƙusa. Na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Likita, an taso?" Na ce an taso. Har yau da nake wannan rubutu haka yake kirana, kuma ban san ko akwai ranar da zai daina ba.

Da magariba matata ta ɗora tukunya biyu, tana mita cewa gida guda miya biyu sai gidanmu. Aka kawo mini nawa da naman saye, tsoka mai kyau. Na sa hannu ke nan sai na jiyo wata ƙara daga ɗakin Inna, ƙaras, ƙaras. Guringuntsi take taunawa. Na zauna da loma a hannu ina saurare, har tuwon ya huce.